A NUTSA HAR SAU BAKWAI: BANGASKIYA, IYALI DA NACIYA A LOKACIN CIWO

Jawabin da Kwamitin Ziyarar Marasa Lafiya ya gabatar a taron dattawa da shugabannin zumunta na ikkilisiyoyin yankin Birnin Gwari

Wurin karatu: 2 Sarakuna 5:1-14; Markus 2:1-12

 Sannunku da hanya. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka gaisuwa ce kawai, amma ku da kuka biyo ta Buruku da Udawa, da ku da kuka fito ta hanyar Funtuwa, kun san abin da muke nufi in mun ce sannu da hanya. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu lafiya.

An ba mu mu yi magana a kan yadda mai bi zai ci nasara a kan ciwo mai tsanani da wahala. Da muka zauna a kwamiti, sai muka ga in muka ce za mu taɓa kowane ciwo, za mu tashi ba mu kama ko ɗaya ba. Saboda haka muka zaɓi ciwo ɗaya da ya shiga gidajenmu da yawa, wato tarin fuka, wanda ake kira tibi, da kuma labarin gida ɗaya da muka gani da idonmu. Mai gidan ya yarda mu ba da labarin, amma ba za mu faɗi sunansa ko sunan ƙauyensa ba.

YADDA ABIN YA FARA

Ɗan'uwan nan dattijo ne a wata ƙaramar ikkilisiya da ke bakin daji. Manomin masara ne da waken soya, da rani kuma yakan bi samari zuwa ramukan haƙar zinariya domin ya sami na cefane. Kun tuna yadda shekarar 2021 ta kasance. Tun bayan kashe-kashen da aka yi a Gwaska a watan Mayu na 2018, hankalin mutanen ƙauyuka bai kwanta ba. Dajin Kamuku, wanda gwamnati ta mai da gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana, sun zama mafakar 'yan bindiga. Gidan ɗan'uwan nan ya cika da dangi waɗanda suka gudo daga ƙauyukan ciki, har ana kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya, taga a toshe da tsumma saboda tsoro.

Da faɗuwar damina ya fara tari. Ya ce mura ce. Ya sayi ƙwayoyi a kemis, tari bai tsaya ba. Wata biyu suka wuce, ya fara zufa da dare har tabarma ta jiƙe, zazzaɓi kowace yamma, abinci ba ya shiga, wando ya fara zamewa daga ƙugunsa. Ranar da aka ga jini a cikin kakinsa, maganar ta fita gari.

'Yan'uwa, a nan ne za mu faɗi abin kunyarmu, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗansu suka ce jifa ne. Waɗansu suka ce ƙanjamau ne, suka fara ƙirga inda yakan je da rani. Waɗansu kuwa suka ce lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A majami'a, bencin da yake zama ya zama nasa shi kaɗai. Dangin matarsa suka aiko ta kwashe yara ta koma gida. Mu kanmu, 'yan kwamitin ziyara, mun yi mako uku ba mu taka gidan ba. Muna yi masa addu'a daga nesa, muna kiran wannan hikima. Tsoro ne, ba hikima ba. Mun roƙi gafararsa, mun kuma roƙi gafarar Allah.

Matarsa ce ta tsaya. Ta ce wa danginta, a gaban bagade ta yi alkawarin zama da shi cikin ciwo da cikin lafiya, ba ta kuwa ji an cire tari a ciki ba. Ta sayar da akuyarta, ta ɗauke shi zuwa asibitin gwamnati a cikin gari. Aka ba shi ɗan kwano ya tofa kaki, aka auna, aka ce tarin fuka ne. Aka kuma auna jininsa domin ƙanjamau, kamar yadda ake yi wa kowane mai wannan tari, aka tarar ba shi da shi. Ko da ma an same shi da shi, da ba zai rage kome daga zamansa ɗan'uwanmu ba.

ABIN DA YA KAMATA MU SANI GAME DA CIWON

Bari mu ɗan tsaya a nan, gama rashin sani ne ya kore mu daga gidan nan.

Tarin fuka ba jifa ba ne, ba kuma gado ba ne. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya bayyana wa duniya a ranar 24 ga Maris 1882. Shi ya sa ake tunawa da ciwon a wannan rana kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum wajen miliyan 10.8 ne suka kamu da shi, wajen miliyan 1.25 kuma suka mutu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi.

Ta iska yake yaɗuwa, sa'ad da mai ciwon da bai fara shan magani ba ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗakin da ba ya samun iska da hasken rana. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa da hannu, ko ta kwano da cokali. Yunwa, da cunkoso, da ƙurar dutse irin wadda masu haƙar zinariya ke shaƙa, da ƙanjamau, da ciwon suga, duka suna buɗe masa ƙofa. Ku duba, yawancin waɗannan su ne rashin zaman lafiya ya jawo mana. Wanda ya gudu ya bar rumbunsa, ya zo ya cusa iyalinsa a ɗaki ɗaya, ciwon nan ya riga ya san hanyar gidansa.

Alamarsa ta fari ita ce tarin da ya kai mako biyu bai tsaya ba. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka. Maganin kuwa na wata shida ne: wata biyu na farko ana shan haɗin magani iri huɗu, wata huɗu na baya kuma iri biyu, kowace rana ba fashi. Ɗaya daga cikinsu yakan sa fitsari ya yi ja. Wannan ba jini ba ne, kada a tsorata. Amma in idon mutum ya yi rawaya, ko yana ta amai, ko ganinsa ya fara dushewa, a koma asibiti nan da nan. Bayan 'yan makonni na shan magani daidai, haɗarin sa wa wani yakan ragu ƙwarai.

Haɗarin da ya fi girma shi ne a fara a bari. Wanda yake sha yana fashi yana koya wa ƙwayar cutar yadda za ta jure wa maganin. In ta dawo, takan dawo da taurin kai, ta kuma kama yaran gida da wannan taurin kan. Irin wannan shi ne ake kai mutane manyan cibiyoyi dominsa, kamar Cibiyar Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya. A dā jinyarsa takan kai wajen shekara biyu, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren magani na ƙwayoyi kaɗai, amma duk da haka gara kada a kai can.

NA FARKO: BANGASKIYAR DA KE SHAN MAGANI

Mu koma ga ɗan'uwanmu. Ya fara magani a watan Agusta. Kafin ƙarshen Oktoba tari ya lafa, ya fara cin tuwo, ƙarfi ya fara dawowa. A daidai lokacin ne wani baƙon mai wa'azi ya ratsa ƙauyen. Ya ɗora masa hannu, ya yi addu'a, sa'an nan ya ce masa an riga an warkar da shi, in ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya to yana shakkar ikon Allah ne. Ɗan'uwanmu mutum ne mai tsoron Allah, maganar ta shige shi. Ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa.

'Yarsa, yarinya 'yar shekara goma sha uku, ita ce ke ba shi maganin kowace safiya, tana yin alama da biro a jikin kalandar ikkilisiya da ke rataye a bango. Da ta ga kwana huɗu babu alama, ba ta yi gardama da mahaifinta ba, sai ta tafi gidan Fasto ta faɗa masa.

Fasto bai zo da faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma, ya buɗe labarin Na'aman, ya tambaye shi, "Baba, sau nawa annabi Elisha ya ce wa Na'aman ya nutsa a Urdun?" Ya ce sau bakwai. Fasto ya ce, "To, da ya nutsa sau biyu, ya ga fatarsa ta fara kyau, ya hau karusarsa ya koma Suriya, da mun kira wannan bangaskiya ko rashin biyayya?" Dattijo ya yi shiru. Can ya ce wa yarinya ta kawo ruwa. Da aka sanar da ma'aikacin lafiya, ya yi masa gargaɗi, ya kuma ƙara masa kwanakin da ya tsallake a ƙarshe.

'Yan'uwa, Maganar Allah ba ta taɓa sa addu'a da magani su yi kishi ba. Sa'ad da sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa bango ya yi kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Amma annabi Ishaya da ya kawo wannan albishir shi ne kuma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Ku duba Ishaya sura 38. Luka wanda ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuma bai ce ya bar aikinsa ba. Game da masu neman zunubin da ya jawo ciwo, Ubangiji ya riga ya amsa musu a Yahaya sura 9, sa'ad da almajirai suka yi wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, ta hanyar da ya ga dama. Amma in wani ya ce an warkar da kai, mai sauƙi ne: a je a auna. Yesu da kansa ya aiki kutaren da ya tsarkake su je firist ya duba su. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji.

NA BIYU: IYALIN DA BA YA GUDU

A Markus sura 2, shanyayyen nan bai kai kansa wurin Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi, da ƙofa ta toshe suka hau soro suka buɗe rufi. Marubucin ya ce bangaskiyarsu ce Yesu ya gani. Akwai ranar da mara lafiya ba shi da ƙarfin yin addu'a, ba shi da ƙarfin sa zuciya. A ranar nan bangaskiyar iyali ce ke ɗauke da shi.

A gidan ɗan'uwanmu kowa ya kama kusurwarsa ta tabarma. Matar ta cire tsumman da ke taga, ta mai da shimfiɗarsa rumfa da rana, ta koya masa rufe baki da ƙyalle in zai yi tari. Ta kai yaran duka aka duba su, aka ba ƙaramin, wanda bai kai shekara biyar ba, maganin kariya. Ba ta da kuɗin nama, amma tana da wake, da gyaɗa, da zogale, da awarar waken soya, da ƙwai in kaza ta yi. Maganin nan yana so a ci abinci, ita kuwa ba ta bar tukunya ta huce ba.

Mu kuma ikkilisiya, da kunya ta ishe mu, muka tashi. Iyali ba na jini kaɗai ba ne. Zumuntar Mata suka raba kwanaki, kowace rana gida ɗaya ke kai kunu. Lokacin girbi, sa'ad da shiga gona ke neman ran mutum, har a wurare da yawa sai an biya 'yan bindiga kafin a kwashe amfani, matasa suka yi gayya da sassafe suka karye masararsa suka kawo gida. Dattawa suka koma zama a bencinsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu, gadonmu ne. Wajen shekarar 1937 ne mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Da yawa daga cikin Masihiyawan farko na ƙasar Hausa a waɗannan wurare suka ji bishara, daga bakin waɗanda suka wanke musu gyambo sa'ad da danginsu suka guje su. Ikkilisiyar da aka haifa a gefen tabarmar kuturu ba ta da hujjar matsawa daga bencin mai tari.

NA UKU: NACIYA HAR ƘARSHE

Wata shida ba wasa ba ne ko da ƙasa lafiya take, balle a 2021. A ƙarshen watan Agusta na shekarar gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A ƙarshen Satumba aka katse layukan waya, aka kuma hana hawan babur. Wayar ba ta dawo ba sai ƙarshen Nuwamba. Ga mutum a ƙauye, ba ya iya tafiyar ƙasa mai nisa, ba babur, ba waya, ga kuma ranar karɓar magani tana matsowa.

A nan Allah ya tanadi na huɗu mai kama tabarma, ba kuwa daga cikinmu ya fito ba. Maƙwabcinsu ne, Musulmi, direban motar ɗaukar buhuna. Shi ya ce a ba shi katin asibitin. Da yardar ma'aikacin lafiya, shi ke karɓo maganin duk lokacin da ya shiga gari, ya naɗe a leda ya sa a aljihun gaba. Wata rana hanya ta rufe saboda hari, ya kwana biyu a gari. Da ya iso da dare bai shiga gidansa ba sai da ya fara ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya, domin ya san saura ƙwayar kwana ɗaya. Da aka so a ba shi kuɗin mai, ya ce maƙwabtaka ta fi ƙarfin haka. Mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar nan, ya kamata mu riƙe wannan a zuciya. Bindiga ba ta tambayi addinin kowa ba a kan hanyar Kaduna, tari ma bai tambaya ba. Mu roƙi Allah ya sa a same mu da irin wannan hali ranar da maƙwabcinmu zai bukace mu.

A watan Fabrairu na 2022 yarinya ta yi alama ta ƙarshe a kalanda. Aka sake auna kaki, aka ce babu cuta. Ranar Ista ta shekarar ya tsaya a gaban jama'a ya ba da shaida. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ɗaga kalandar nan, ya ce ga yadda Allah ya warkar da shi, rana ɗaya bayan ɗaya. Ba a koma ramin zinariya ba, gama likita ya ce huhunsa ba zai ɗauki ƙura ba kuma, amma yana noma, yana kuma cikin kwamitin nan da ke magana da ku yau.

Kada mu ba ku rabin gaskiya. A cikin shekarun nan mun binne waɗansu da ciwon nan ya ɗauka, masu bangaskiya kamar tasa, waɗansu ma fiye. Waɗansu an kai su a makare, waɗansu gudun hijira ya raba su da maganinsu. Ba mu ce bangaskiyarsu ta kasa ba. Suna wurin Ubangiji, kuma a can babu tari. Amma muna tambayar kanmu, da mutum huɗu sun kama tabarmarsu da wuri, da yaya?

SHAWARWARI GA IKKILISIYOYINMU

1. Kowane Fasto da mai bishara ya sanar daga bagade cewa duk wanda tarinsa ya kai mako biyu ya je a auna kakinsa. A maimaita wannan a Lahadin da ta fi kusa da 24 ga Maris.

2. Duk wanda aka sa wa maganin wata shida, majalisar dattawa ta naɗa masa mutum ɗaya amintacce da zai riƙa ganin ya haɗiye, yana yin alama, ba tare da tallata shi ba.

3. A keɓe wani abu daga baikon godiya na kaka, ko da mudu-mudu ne na wake da masara, domin abincin marasa lafiya da kuɗin motarsu. Magani kyauta ne, amma hanya da tuwo ba kyauta ba ne.

4. Iyalin da tashin hankali ya tilasta musu ƙaura, a tuna musu su ɗauki katin asibiti da magani kamar yadda za su ɗauki Littafi Mai Tsarki, su kuma nuna katin a asibitin inda suka sauka. Ikkilisiyar da ta karɓe su ta tambaya.

5. A buɗe tagogin majami'u lokacin sujada. Iyaye mata su kai jarirai rigakafin BCG da zarar an haife su.

6. Kada a ba kowane baƙon mai wa'azi bagade in yana koyar da a zubar da magani. Dattawa ne masu tsaron garke, za su kuwa ba da lissafi.

KAMMALAWA

A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Mun gode wa Allah domin kowace rana da aka bi hanya aka dawo lafiya, muna kuma ci gaba da yin addu'a domin Mai Martaba Sarki da dukan masu mulki. Amma ciwon da shekarun gudu da yunwa suka shuka a ƙirjin mutanenmu ba ya jin sulhu. Yana nan a gidajen da ake tari cikin dare ana rufe ƙofa don kada maƙwabta su ji.

Saboda haka in kun koma, kada ku jira a kawo muku rahoto. Zumunta a ƙafa take. Kowane dattijo a nan ya san benci ɗaya da aka daina zama a kai, ko gida ɗaya da aka daina shiga. Ku fara da can a wannan mako.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ne mai warkarwa. Ka gafarta mana inda tsoro ya hana mu ƙauna. Ka ba marasa lafiyarmu haƙurin nutsawa har sau bakwai, ka ba iyalansu ƙarfin ɗaukar tabarma, ka albarkaci ma'aikatan lafiya da maƙwabtanmu, ka kuma ba ƙasarmu salama mai ɗorewa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.